Labbezanga, inda kogi ke gwada matuƙi

Mutumin Rumbu, a ƙasar Dakwaro, da guga ya san ruwa. Sai cikin watan Agusta, idan korama ta sauko a fusace ta datse hanyar kasuwa, yake ganin ƙarfinsa na 'yan sa'o'i. Wanda ke son ganin ruwan da fushinsa ba ya wucewa, sai ya nufi yamma: daga Yamai zuwa Tilaberi, daga nan Ayoru mai kasuwar Lahadi, kimanin kilomita 200. Gaba da Ayoru, kan iyakarmu da Mali, nan Labbezanga take.

A nan kogin Isa yakan rabu tsakanin duwatsu, ya yi fari fat da kumfa. Dutsen da ido ke gani ba shi ne abin tsoro ba. Mugun shi ne wanda ke kwance ƙarƙashin ruwa. Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko, daga launin ruwa da yadda yake murɗawa suke gane hanya. Mashigar da ta yi kyau lokacin cikar kogi, da bazara tarko ce. Wannan sani ba a littafi yake ba, ɗa daga ubansa yake ɗaukarsa.

Turawa sun maida irin wannan tuƙi wasa. Sun kasa wuyar ruwa mataki 6, na ƙarshe ko gwani shakkarsa yake. Ba sa shiga sai da hular kwano da rigar da ke hana nutsewa, kuma tun 1972 wasan ya shiga gasar Olimpik a Jamus. Amma kogin nan ya riga ya ba su darasi: a 1806, Mungo Park ya halaka a duwatsun Busa, ƙasa da Yawuri, bayan ya rabu da jagoransa.

Yau Busa ta dā tana ƙarƙashin tafkin Kainji, tun 1968. Mu ma an aza tubalin madatsar Kandaji a 2008, kuma ranar da ta cika, halin kogin zai sauya. Ya kamata ma'aikata su rubuta sanin dattawan Sarkawa tun suna da rai.

Ku kuwa 'yan kasuwa, idan matuƙi ya ce a rage buhu, a rage. Idan korama ta kawo, direba ya jira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.