Akwatin da ya ƙi ɗaguwa

Yaran unguwar Zariya sun san mai dabo. Yau ga shi bakin kasuwar Maraɗi, gobe a gan shi Tibiri ko Jiratawa. Yakan sa dala biyar cikin tafin hannunsa, ya dunƙule, ya hura, ya buɗe: wayam! Can sai ya ciro kuɗin daga kunnen wani yaro. Mutane su ce: «Wannan aljannu gare shi.»

Ba aljannu ba ne. Kuɗin suna maƙale cikin ɗayan hannun, amma idon kowa yana kan wanda aka hura. Shi ya sa ake kiran dabo rufa-ido.

Kowace ƙasa tana da ƴan dabonta. Tun 1948 suke da ƙungiya ta duniya. Duk shekara uku suna taruwa, kowa ya nuna sabuwar dabararsa, ƴan'uwansa su gani su ƙaru. A 2025 sun taru a Torino, ƙasar Italiya. Dabo sana'a ce da ake koyo, kamar ƙira ko saƙa.

Amma wanda bai san haka ba, ana iya cin sa da tsoro. A 1856, ƴan mulkin mallaka suka kai wani mai dabo daga Faransa zuwa Aljeriya, don ya razana shugabannin ƙasar. Sunansa Robert-Houdin, da can mai gyaran agogo ne. Ya aje wani ɗan akwati, ya kira wani ƙaƙƙarfan mutum. Mutumin ya ɗaga shi kamar faifai. Mai dabo ya ce ya ƙwace masa ƙarfi, ya sake gwadawa. Mutumin ya ja, ya yi nishi, akwati ya ƙi motsi.

Mene ne asirin? Akwai ƙarfe a gindin akwatin. Ƙarƙashin daɓen kuma an ɓoye mayen ƙarfe mai aiki da lantarki. Da an kunna shi, sai ya riƙe akwatin gam. Ƙarfin mutumin yana nan, sani ne aka fi shi.

Har yanzu akwai masu irin wannan cuta. Wani zai ce a ba shi jikka ɗaya ya maida ta biyu. In da ya iya, me zai kawo shi roƙon jikkar wani?

Ɗan makaranta ma yana iya dabo. Ya cika kofi da ruwa fal, ya rufe bakin da guntun kwali, ya dafe, ya kife kofin, sannan ya janye hannu a hankali. Ruwan ba zai zube ba, domin iska tana tokare kwalin daga ƙasa. In ƙannensa suka yi mamaki, sai ya faɗa musu dalili.

Kallon dabo da daɗi. A tafa wa mai dabo, amma a riƙa tambaya: yaya aka yi? Rashin sani ya fi dare duhu.