Ƙaramar Lexus da wuyar sayar da alfarma a ƙaramin mazubi

A ƙasar nan idan aka ce Lexus, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne LX 570 ta manyan 'yan siyasa, ko RX 350 ta Alhaji, ko ES 350 ta matasan da kasuwa ta yi wa kyau. Da wuya ka ji wani ya ambaci CT 200h, 'yar ƙaramar nan mai guntun baya irin zubin Golf. Wasu ma idan ta gifta sai su ɗauka wani ne ya manna wa motarsa tambarin Lexus don burga. To amma tun da fetur ya zama abin da ya zama, maganar ƙananan motoci masu haɗa fetur da batir ta dawo majalisu, har ina ganin abokai suna tambaya a nan ko sayenta dabara ce. Shi ya sa na ga bari in ba da labarinta daga tushe, don akwai darasi a ciki ga mai saye da mai sayarwa.

A watan Satumba na 2009 ne Lexus ya kai wata mota baje kolin motoci na Frankfurt a Jamus, ya sa mata suna LF-Ch. Ƙofa biyar, gajeren baya, manyan tayu, ga ta a dafe da ƙasa kamar za ta yi tsalle. Irin waɗannan motocin nuni ba na sayarwa ba ne. Kamar tela ne ya ɗinka sabon yayi ya rataye a ƙofar shago ya koma gefe yana sauraron abin da masu wucewa za su ce. Idan an taya da yawa sai ya yanka yadi ya shiga ɗinki, idan an wuce ba a waiwaya ba sai ya sauke abinsa shiru. Abin da Lexus ke son ji a Frankfurt shi ne ko mutane za su yarda su biya kuɗin alfarma a kan motar da ba ta fi Golf girma ba.

Me ya kai kamfanin da ya yi suna da manyan motoci ga wannan? Ku tuna Toyota ta ƙirƙiri Lexus ne a 1989 musamman don kasuwar Amurka, kuma da babbar salun LS 400 ta buɗe fage. A Amurka abin ya karɓu sosai. A Turai kuwa shekara ashirin aka yi Lexus na zaman baƙo, saboda can titunan tsofaffin birane matsattsu ne, wurin fakin sai an biya, mai kuma ya sha haraji. Mai kuɗin Turai bai jin kunyar shiga ƙaramar mota, kuma Jamusawa sun riga sun gane haka. Audi ta fitar da A3 tun 1996, BMW ta biyo da 1 Series a 2004. Duk matashin likita ko lauyan da ya fara samun abin hannu, da ɗaya daga cikinsu yake farawa, daga nan kuma sai ya zama ɗan gida, ya riƙa hawa sama har ya kai ga babbar. Lexus ba shi da wannan matakalar ta farko.

Sai kuma doka. A shekarar 2009 ɗin ce Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar cewa matsakaicin hayaƙin duk sababbin motocin da ake sayarwa kada ya wuce giram 130 a kowace kilomita zuwa 2015, daga baya aka ƙara matse shi zuwa giram 95. Lissafin a kan jimillar motocin kamfani ake yi. Ke nan duk ƙaramar mota mai shan mai kaɗan da ka sayar, ta ba ka sararin sayar da wata ƙatuwa ba tare da an ci ka tara ba. Wato 'yar ƙaramar tana yi wa yayyenta aikin gayya.

Wata shida kacal bayan Frankfurt, a Maris na 2010, aka nuna ta sayarwa a Geneva da sunan CT 200h, ta shiga kasuwa a farkon 2011. Kamar yadda aka saba, kwalliyar motar nuni ta ragu, tayu sun ƙanƙance, fuska ta yi sanyi. A ƙarƙashin bonet kuma injin Prius ne mai lita 1.8 da na'urar lantarkinsa, ƙarfin doki 134 gaba ɗaya. Wajen tattalin mai ba a magana, hukumar Amurka ta auna mata abin da ya kai kimanin kilomita 18 a lita guda. Wajen gudu kuwa sai ta ci sama da daƙiƙa goma kafin ta kai 100 daga tsaye. Wanda ya ga hoton Frankfurt ya sa rai da ingarma, da ya taka totur sai ya ji alfadari mai haƙuri.

To yaya kasuwa ta karɓe ta? A Amurka an daina kai ta bayan samfurin 2017. A Japan ta kai 2022 kafin a rufe babinta. Jimillar abin da aka sayar a duniya kusan dubu 380 ne a cikin shekara goma sha ɗaya. Ba za a kira wannan faɗuwa ba, don ta shigar da Lexus gidajen da bai taɓa shiga ba, musamman a Turai. Amma a shekarun nan Audi A3 kan sayar da fiye da dubu 100 a Turai kaɗai a shekara guda. Kuma babbar shaida ita ce Lexus bai yi mata magajiya ba. Da ta kawo ribar kirki, da tuni an ga ƙanwarta.

Wasu za su ce laifinta shi ne Prius ce a cikin babbar riga. Ni ban ga haka ba. A3 ɗin ma ai ƙashin bayanta na Golf ne, kowa ya sani, kuma bai hana ta sayuwa ba. Bambancin shi ne Audi ta ba mai saye zaɓi: ga na fetur, ga na dizal, ga mai laƙwasa, ga mai zafin gudu. A wancan zamani kusan rabin sababbin motocin Turai na dizal ne. Ita kuwa CT inji ɗaya tal aka ba ta, kuma haka ta zauna shekara goma sha ɗaya ana ɗan gyara mata fuska lokaci-lokaci, alhali kishiyoyinta suna sake sabon zubi daga tushe. Aro ba aibi ba ne a sana'ar ƙera mota. Abin da mai saye ba ya yafewa shi ne ya biya ƙarin kuɗi ya kasa jin bambancin a hannunsa da ƙafarsa.

Wanda ke son ganin inda abin ya fi muni, ya dubi Aston Martin. A 2011 suka ɗauki Toyota iQ, 'yar mitsitsiyar motar birni, suka shimfiɗa mata fata mai tsada a ciki, suka sake mata fuska, suka kira ta Cygnet, suka sa mata kuɗi sama da fam dubu 30, kusan ninki uku na asalin iQ ɗin. Ɗaruruwa kaɗan aka saya, a 2013 aka tattara. Infiniti, wato ɓangaren alfarma na Nissan, su ma sun kai motar nuni Q30 Frankfurt a 2013, suka fara ƙera ta a Sunderland ta Ingila a 2015 a kan ginin Mercedes A-Class. A 2019 aka dakatar da ita, a shekarar da ta biyo kuma Infiniti ya fice daga Yammacin Turai baki ɗaya. Shi kansa Lexus ya sake gwada wata 'yar ƙarama mai suna LF-SA a Geneva a 2015. Wannan kam a kan dandamalin nuni ta fara, a nan ta ƙare.

Idan ka zauna ka yi lissafin ɗan kasuwa, za ka ga dalili. Kuɗin zana sabuwar mota, da gwajin hatsari, da jakunkunan iska, da kwamfutocin ciki, da cika sharuɗɗan hayaƙi, ba ya raguwa don motar ƙarama ce. Amma farashin da za ka iya sa mata yana da iyaka, don da ka ɗaga shi kaɗan mai saye zai ce ai da wannan kuɗin gara in cika in ɗauki babbar. Ribar da ke kan LX guda ɗaya sai an sayar da ƙananan da yawa kafin a haɗa ta. Lokacin da aka yi ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki a 2021 da 2022, kamfanoni suka zuba ɗan abin da suka samu a motoci masu tsada, sai suka ga adadin mota ya ragu amma riba ta hau. Ba su manta wannan darasin ba. A 2022 Audi ta ce ba za ta yi wa A1 magajiya ba, Mercedes kuma ta ce za ta rage ƙananan motocinta daga iri bakwai zuwa huɗu.

Sannan ga yayin jif da ya mamaye duniya. Mutane suna son zama a sama suna hango hanya, ko da motar ba za ta taɓa taka turɓaya ba. Lexus ya karanta wannan, sai ya fitar da UX a 2018, ya ƙara da LBX a 2023, wadda ta fi CT gajarta, kuma gininta ɗaya da Toyota Yaris Cross. Ka ga ƙaramar Lexus ba ta mutu ba, an dai ɗaga mata ƙafa ne aka kira ta jif, don da wannan sunan mai saye ya fi yarda ya biya. Saboda haka duk sanda kuka ga hoton wata 'yar ƙaramar motar nuni daga babban kamfani tana yawo a intanet ana ta yabo, ku saurara tukuna. Tsakanin dandamalin nuni da shagon dillali tafiya ce mai nisa, kuma akanta ne ke da ta cewa a ƙarshe.

Mu dawo gida. Mu a nan ba mu cikin lissafinsu tun farko, don kasuwarmu ta 'yar Beljiyam ce. Abin da Bature da Ba'amurke suka saya sabo shekara goma da suka wuce, shi muke zaɓa a yau. Kuma a wurinmu girman mota wani ɓangare ne na alfarmarta. Mota ce ake zuwa ɗaurin aure da ita, a kwaso iyali, a ɗora buhun shinkafa a but idan za a je gida sallah. Mutum ya kashe miliyoyi a kan Lexus sannan surukinsa ya shiga baya gwiwa na dukan kujera, ai magana ta ɓaci. Ga ta kuma ƙasa-ƙasa, ramukan unguwa da ruwan damina ba sa yi mata da sauƙi.

Sai dai tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lissafi ya juya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta tsallake naira dubu. A ma'aunin Amurka, CT na shan kusan lita 6 a kilomita 100, RX 350 ta zamaninta kuma kusan lita 11. A hanyoyinmu da AC a kunne duka biyun za su sha fiye da haka, amma tazarar tana nan, kusan rabi. Ga ma'aikacin da kullum yake cikin cunkoson Nyanya ko na Kano, inda irin wannan mota ke kashe inji ta riƙa tafiya da batir, wannan rabin kuɗin makarantar yaro ne. Na san mutanen da a da ko kallon Prius ba sa yi, yanzu su ne ke bin dillalai suna cigiya.

Wanda ya yi niyya, ga abin da zan ce masa. Ka nemi mai sitiyari a hagu, wato ta Amurka ko ta Turai, don ta Japan da ta Ingila a dama yake. Ka sani mafi ƙuruciya a cikin na Amurka ta 2017 ce, ke nan batirinta ya ga shekaru. Kada ka biya sai an sa kwamfuta an duba lafiyar batirin ɗaya bayan ɗaya. Batirin yana da fanka mai sanyaya shi, kuma ƙura na toshe ta, to ka san yadda hunturunmu yake. Injin nan mai lita 1.8 an san shi da ƙona gasket idan ya yi nisan tafiya ba a kula da shi ba. Abin daɗin shi ne yawancin kayan injinta na Prius ne, ba sai ka aika waje ba. Sannan kafin ka nemi motar, fara neman bakanike da rewaya da suka san aikinta a garinku, don wutar batirin nan ba ta ɗan koyo ba ce.

A ganina, ƙaramar motar alfarma mai guntun baya za ta ci gaba da zama a Turai da Japan, inda ƙanƙanta ke da amfani na zahiri, amma iri-irinta za su yi ta raguwa, ƙananan jif su gaje wurin. A nan kuwa CT za ta samu masoya ne ta ƙofar da masu ƙera ta ba su yi tunani ba. Wanda zai saye ta ba don a gan shi zai saya ba, don gidan mai ne ya koya masa lissafi, tambarin kuma gyara ne aka ɗora masa a kan mudu.

Masu CT ko Prius a cikinku, ku faɗa mana gaskiya a ƙasa: lita nawa take sha muku a mako, kuma shekara nawa batirin ya yi kafin ya fara ba ku ciwon kai? Masu jif kuma ku yi haƙuri, ba da ku nake ba, mun san tankinku na nan cike.