Sanin Hali Ya Fi Sanin Kama

Doki ba ya daɗewa a duniya kamar ubangijinsa. In ya yi shekara 25 ko 30, sai a wayi gari turke ba kowa. Saboda haka waɗansu su kan nemi mai zane ya ajiye musu kamannin dabbarsu tun tana da rai.

A Ingila, wajen 1762, wani basarake mai sarautar Rockingham ya sa George Stubbs ya zana masa ingarmansa, Whistlejacket. Stubbs kuwa ya san doki ciki da waje, gama ya yi wata 18 yana feɗe gawawwakin dawaki, yana duban ƙashi da jijiya. Ya zana ingarman daidai girmansa, ya ɗaga ƙafafun gaba, ba sirdi, ba linzami, ba mahayi. Doki da ubangijinsa sun shuɗe, amma zanen yana National Gallery a London tun 1997.

Wanda zai ba da irin wannan aiki, kada ya yi garaje. Ya bar mai zane ya saba da dabbar tukuna, ya ga tafiyarta, da wasanta, da fushinta. Sanin hali ya fi sanin kama.