Kafin ɗanka ya zaɓi radiyografi a fom ɗin JAMB, ku zauna ku yi lissafin shekara biyar

'Yan uwa, musamman iyayenmu da ƙannenmu na Kuberi da Jega da Aliero da Maiyama. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi gidaje da yawa a yankinmu.

A 'yan shekarun nan yaranmu da suka yi kimiyya a sakandare sun fara waiwayar radiyografi, wato karatun ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Da can likitanci kawai yaro ya sani, in bai samu ba ya koma aikin jinya ko harhaɗa magunguna. Yanzu idonsu ya buɗe, kuma na yi murna da hakan ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda muke shiga harkar. Mu haɗa kuɗin fom, mu haɗa kuɗin rajistar shekarar farko, a yi addu'a a raka yaro tasha, kowa ya ɗauka an gama. Alhali nauyin wannan karatu yana gaba, a kuɗin ɗaki da kuɗin zirga-zirgar koyon aiki a asibiti. A nan yaran talakawa suka fi durƙushewa, kuma a nan ne ba mu cika yin tanadi ba.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin darajar ƙashi. Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da ɗori, har mutane na ɗauko masu karaya daga garuruwa masu nisa su kawo su. Gado ne mai daraja, kuma Allah Ya warkar da mutane da yawa ta hannun masu ɗorin nan. Sai dai hannu, komai ƙwarewarsa, daga waje yake lalube. Hoton eksire ne ke nuna ko ƙashin ya tsage ne kawai ko ya farfashe, ko karayar ta shiga gaɓa, ko ƙashin ya haɗe a karkace. Haka tsohon da ya yi wata biyu yana tari, hoton ƙirji na cikin abin da likita zai nema kafin ya ce tarin fuka ne ko wani ciwon. Haka mai juna biyu da ake son sanin kwanciyar ɗan cikinta. Yau ɗan ƙauyenmu yakan fara da babban asibitin Jega, a tura shi Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya, wani lokacin har Sakkwato, duk a kan hoto. Na'ura kuwa ko an sayo ta, in babu wanda ya iya ta, ɗaki kawai za ta tare. Saboda haka muna bukatar 'ya'yanmu a wannan fanni, bukata ta gaske.

Ƙanina mai sha'awar karatun, ka san aikin tukuna. Tun da wani masani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, aka fahimci cewa yana da amfani kuma yana da illa idan ya yi yawa a jiki. Shi ya sa aikin ya wuce danna maɓalli. Kai za ka tsayar da mara lafiya, ka manna ƙirjinsa da allon, ka sa ya ɗora hannuwa a ƙugu ya turo kafaɗu gaba, ka koma bayan kariyar dalma ka ce masa, "Baba, ja numfashi, riƙe, kada ka motsa." Kai za ka auna ƙarfin hasken da ya dace da jikin jariri da wanda ya dace da ƙaton mutum. Kai za ka tambayi mace cikin ladabi ko tana da ciki kafin ka kunna na'ura. Idan hoton bai fito ba aka sake ɗauka, mara lafiya ya sha haske sau biyu a banza, kuma alhakin yana wuyanka. Daga eksire za ka wuce sikanin ciki, da manyan na'urori irin su CT da MRI, da hoton mama na gano cutar daji. Likitan da ya ƙware a fassara hoto daban yake, shi likitanci ya karanta, amma fassararsa ba ta fin kyawun hoton da ka miƙa masa.

Ƙofar shiga a fili take. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A JAMB kuma Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji. Masu nema suna da yawa, gurabe kaɗan ne, don haka maki mai kyau ake bukata, ba na tsallake siraɗi ba. Daga cikin jami'o'in da ke kusa da mu masu wannan sashe da asibitin koyarwa akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Akwai kuma Jami'ar Bayero ta Kano mai aiki da asibitin koyarwa na Aminu Kano, da Jami'ar Maiduguri. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Kebbi tana cikin yankin jami'ar Sakkwato, tana kuma cikin rukuni na uku. Dama ce a hannunmu, mu yi amfani da ita. Kuma gurbin da bai fito a shafinka na JAMB ba, ba gurbi ba ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka ta bayan gida, ka riƙe kuɗinka.

Kafin ka zaɓi kowace makaranta, ka bincika ko Hukumar Rajistar Masu Radiyografi ta Najeriya, RRBN, ta amince da sashen. An kafa hukumar da doka ta 42 ta shekarar 1987, ita ke tantance sassan, ita ke sa sunan ɗalibi a kundinta tun yana makaranta, ita kuma ke ba da lasisin aiki. Sababbin jami'o'i da yawa suna buɗe wannan kwas yanzu. Amincewar hukumar jami'o'i ta ƙasa daban, amincewar RRBN daban, kuma dukansu ake bukata. Haka nan difuloma ta mataimakin mai ɗaukar hoto da wasu kwalejojin kiwon lafiya ke bayarwa tana da nata amfanin, amma ba ita ce digirin ba. Iyaye su tambayi wanne ɗansu ya samu.

Yanzu ga lissafin. Digirin shekara biyar ne, in babu yajin aiki. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, kuma kuɗin hayan ɗakunan ɗalibai bai tsaya jiran kowa ba. Shekarar farko ita ce mai sauƙi: darussan kimiyya ne a aji, a Sakkwato ana yin su a mazaunin jami'a na Dundaye. Daga nan karatu yake matsawa sannu a hankali zuwa ɓangaren asibitin koyarwa da ke cikin gari, kuma daga shekara ta uku zuwa ta biyar rabin rayuwar ɗalibi a asibiti take.

Maganar ɗaki ita ce ta farko. Gadon kwanan ɗalibai na makaranta ya fi arha nesa ba kusa ba, amma ba ya isar kowa, kuma wanda ya samu bana ba lallai ya samu baɗi ba. Wanda bai samu ba sai haya a gari, mai gida kuma kuɗin shekara yake karɓa gaba ɗaya, a daidai lokacin da ake neman kuɗin rajista. A kan hayar akwai ruwa, akwai wuta, akwai katifa da risho ko tukunyar gas. Ɗaki mai arha yawanci nesa yake da asibiti, abin da aka rage a haya sai kuɗin mashin ya cinye shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin abin hawa ya zama abin da ake sa wa a gaban lissafi, ba a ƙarshensa ba.

Sai koyon aiki, abin da ɗalibai ke kira fostin. Mu da muke da kwalejin kiwon lafiya a Jega mun saba ganin yara da fararen riguna da sassafe suna nufar asibiti. Na jami'a ma haka ne, sai dai nasu ya fi tsawo. Ɗalibi zai fita tun bakwai, ya yini a tsaye tsakanin ɗakin eksire da ɗakin sikanin da sashen gaggawa, yana turo keken mara lafiya, yana gyara kwanciyar wanda mota ta buge, yana rubuta kowane hoto da ya sa hannu a cikin littafin da ma'aikaci zai sa masa hannu. Ba a biyansa ko sisi, domin darasi ne. Shi zai sayi farar riga da takalmin aiki, shi zai ciyar da kansa da rana a bakin asibiti tun da ba damar komawa ɗaki ya dafa. Wani lokacin a tura su wani asibiti a wani gari, ko a lokacin hutu, saboda na'urar da ake son su gani a can take. Nan kuma sabon kuɗin mota ne da sabon wurin kwana, alhali tsohon ɗakin yana nan yana cin haya. Ga kuɗin sa suna a kundin hukuma, ga jarrabawar ƙwarewa, ga binciken kammalawa a shekarar ƙarshe. Kuma yaron da a aji ɗaya yake ɗan taɓa ɗinki ko gyaran waya yana samun na sabulu, a aji huɗu ba shi da wannan lokacin.

Manomin albasa a Aliero ba ya tsayawa a kuɗin iri. Tun kafin ya yi dashe ya san akwai man injin ban ruwa, akwai taki, akwai maganin feshi, akwai ajiya har farashi ya tashi. Wanda ya zuba duk jarinsa a iri, gonar za ta bushe yana kallo. Karatun nan ma haka yake.

Ko bayan rantsuwar kama aiki da sauran tafiya. Akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da hukuma ta yarda da shi, kafin cikakken lasisi da hidimar ƙasa. Wannan shekarar ana biyan albashi, amma gurabenta ba su kai yawan masu nema ba, wasu sukan yi watanni suna yawon kai takardu daga wannan asibiti zuwa wancan. Don haka uba ya ƙudurta a ransa cewa shekara shida ko fiye zai riƙe yaron kafin yaron ya fara riƙe gida.

'Ya'yanmu mata suna da matsayi na musamman a wannan magana. Kowa ya san yadda matanmu ke jin nauyin buɗe jiki a gaban namiji don sikanin ciki ko hoton mama, har wata ta gwammace ta zauna da ciwonta. Maganin wannan shi ne mata masu wannan ilimi. Amma uban da ya yarda 'yarsa ta tafi Sakkwato ko Kano yana da haƙƙin sanin inda za ta kwana da yadda za ta dawo daga asibiti da yamma. Ɗaki mai tsaro kusa da asibiti ya fi tsada, kuma sau da yawa a kan wannan kaɗai ake fasa karatun yarinya mai ƙoƙari. Idan za a taimaka, a fara da su.

To ina mafita? Na farko, kafin a karɓi gurbi a nemi ɗalibin da ke aji huɗu ko biyar a sashen, ya faɗi abin da ya kashe bara dalla-dalla, a rubuta a takarda, a ƙara wani abu a kai saboda tashin farashi. Na biyu, asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024, yana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Ba zai ɗauke haya da mota da abinci gaba ɗaya ba, amma yana rage nauyi, kuma bashi ne, a karɓe shi da niyyar biya. Na uku, yara su haɗu biyu ko uku 'yan gari ɗaya su kama ɗaki kusa da asibiti, a riƙa aiko musu da gero da shinkafa da albasa daga gida a motocin da ke bin hanyar Tambuwal kullum.

Ina roƙon hukumar tallafin karatu ta jiharmu da shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su duba ɗaliban fannin lafiya da ido na daban, a ware musu wani abu na masauki da fostin daga aji uku zuwa biyar, ko da da sharaɗin su dawo su yi wa asibitocinmu aiki na wasu shekaru. Ina roƙon attajiranmu na kasuwar Jega da dillalan albasa da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa: hayan ɗaki ɗaya a Sakkwato da sunan ɗaliban garinku sadaka ce mai gudana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma ƙannena, kada wannan lissafi ya karya muku gwiwa. Karatu ne mai albarka, aikinsa ana nemansa a asibitin gwamnati da na kuɗi, a gida da waje. Ku dai faɗa wa iyayenku gaskiyar kuɗin tun farko, kada ku ɓoye don tsoron a hana ku. Wanda ke cikin wannan karatu yanzu ko ya gama, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani domin na baya su amfana, kuma a tura wa duk uban da ɗansa ke shirin cike fom bana. Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya hore wa iyaye abin ɗawainiya. Amin.