Mu Bahagwai da Tsirkiyoyi Huɗu

Rubutun wannan makon daga ɓangarenmu ya fito, mu bahagwai.

Ana ƙiyasta cewa a cikin kowane mutum goma a duniya, ɗaya bahago ne. Duk da haka, yawancin abin da hannu ke riƙewa ba a yi shawara da mu ba wajen ƙera shi. Almakashi na na-dama ne, kujerar jarrabawa mai hannu ɗaya ta na-dama ce, rubutun boko ma daga hagu yake tafiya zuwa dama, shi ya sa gefen hannunmu ke bin kan tawada kafin ta bushe. Da ana barinmu mu riƙe alƙalami da hagu a makarantar allo, da ajami ya yi mana adalci. To, ba a bari.

Ukulele ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu ta nailan. A tsibiran Hawayi ta samu sunanta, amma asalinta daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal ne. A shekarar 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke baƙin haure daga Madera a Honolulu, cikinsu akwai masassaƙa uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Su suka riƙa ƙera ƙaramar jitar garinsu da itacen Hawayi, Sarki Kalakauwa ya so ta ya shigar da ita fada, daga nan ta bazu. A yadda aka saba riƙe ta, hagu ce ke danne tsirkiyoyi a wuya, dama kuma ta kaɗa.

Ranar da bahago ya ɗauke ta, shawarar farko da zai ji ita ce: "Ai hannu biyu ake kiɗa da su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka koya kamar kowa." Wasu ma za su ƙara da cewa mu ke da riba, tunda hannunmu mai ƙarfi ne zai yi aikin dannawa. Da haka ne, da na-dama sun daɗe da juya tasu. Hannun da ke kaɗawa shi ke riƙe lokaci, shi ke ba waƙa tafiya, kuma ba ya hutawa daga farko har ƙarshe. Akwai bahagwai da suka bi shawarar suka ƙware, ba mu musa ba. Sai dai mun san muryar wannan shawara tun muna yara, lokacin da ake ɗalle mana hannu a gaban kwanon tuwo. A wajen ci da gaisuwa da miƙa wa babba abu mun bi, kuma ba mu da ƙorafi, tarbiyya ce da addini. A wajen kiɗa kuwa ba mu ga dalilin da zai sa mu sake miƙa wuya ba.

Abin daɗin shi ne ukulele ba ta da taurin kai. Yawancinsu jikinsu ɗaya ne hagu da dama, kamar ƙwarya da aka raba biyu, don haka juya ta aikin yamma ɗaya ne. Tsirkiyoyinta daga sama zuwa ƙasa su ne G, C, E, A. Idan ka kifa ta zuwa ɗaya hannun, A za ta koma sama, G ta koma ƙasa. Sai a kwance su duka a sake jera su, G ta dawo kusa da haɓa, A ta koma kusa da cinya.

Inda aikin yake shi ne wurare biyu da tsirkiya ke kwanciya a kai, bari mu kira su matashin sama da matashin ƙasa. Na sama yana ƙarshen wuya, yana da tsaga huɗu, kowace an yanka ta daidai kaurin tsirkiyarta. G da A kusan kaurinsu ɗaya, musayar wuri ba ta damunsu. Amma C ta fi kowace kauri, kuma yanzu za ta faɗa tsagar E. Idan tsagar ta matse ta, ba za ta zauna har ƙasa ba, za ta yi tudu, dannawa ta yi wuya, sautin kuma ya ɗan haura. Maganin shi ne a naɗe siririn sanfefa a buɗa tsagar ta gefe, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa. Faɗi ake nema, kada a taɓa zurfi, domin tsagar da ta zurfafa tana sa tsirkiya ta riƙa gogar ƙarafan wuya tana zuza kamar ƙudan zuma. Kuma kada wani ya ce zai ɓamɓare matashin ya juya shi kawai, tsagoginsa a karkace suke zuwa bayan wuya, in aka juya sai gangaren ya fuskanci inda bai kamata ba.

Matashin ƙasa, wanda ke kan ciki, a ukulele masu araha yawanci miƙaƙƙe ne, ba ruwansa da hagu ko dama. A wasu kuwa an sassaƙa shi yadda tsawon kowace tsirkiya zai ɗan bambanta, irin wannan sai an juya shi ko an canza. Gwajin mai sauƙi ne: kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a gida na 12, ka duba manhajar saita sauti a waya. Harafi ɗaya ya kamata ta nuna, allura a tsakiya. Sauran abubuwan ƙanana ne. Ɗigon alamar da ke gefen wuya zai koma ƙasa inda ido ba ya gani, sai a ɗiga sabo da fenti. Nailan kuma yana miƙewa, zai yi kwanaki yana saki kafin ya zauna, ba lalacewa ta yi ba.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Daga ranar da ka juya tsirkiyoyinka, ukulele ɗin kowa ta zama baƙuwa a hannunka, taka ma ta zama baƙuwa a hannun kowa. A zauna ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, in ta zo kanka sai ka wuce da ita. Zanen da ke nuna inda za a ɗora yatsu a littattafan koyo duk na na-dama ne, sai ka riƙa juya shi a kai. Ɗan sauƙin da muke samu shi ne idan malami na-dama ya zauna gabanmu, ko muna kallonsa a bidiyo, kamar madubi muke kallo.

Wannan asarar ce ta sa wasunmu suka zaɓi su kifa kayan kiɗan kawai ba tare da sun taɓa tsirkiya ba. Haka Elizabeth Cotten ta Amurka ta yi da jita tun tana yarinya, har salon ya ɗauki sunanta, ta kuma karɓi kyautar Grammy a 1985 tana da shekara sama da 90. Ukulele ma ta fi jita yarda da wannan. A jita tsirkiyar sama ce mafi kaurin murya, ta ƙasa mafi siriri, in an kifa sai kunne ya ji. A ukulele kuwa G da A, na sama da na ƙasa, duk sirara ne, taki ɗaya ne tsakanin sautinsu. Ko ta ina yatsa ya faro, amon ba ya nisa da juna. Wahalar tana ga yatsun dannawa, domin littattafan koyo ba don mai wannan riƙon aka rubuta su ba, shi zai nemo wa kansa hanya.

Mu dai mun fi karkata ga juya tsirkiyoyi, kamar yadda Jimi Hendrix ya yi da jitar na-dama, kamar yadda Paul McCartney ke yi. A Nuwamba 2002, a zauren Royal Albert da ke Landan, wajen taron tunawa da abokinsa George Harrison, McCartney ya fito da ukulele ya kaɗa ta da hagu a gaban dubban mutane. Wanda ya fara koyo yau, in an miƙa masa ita, a bar shi ya riƙe yadda jikinsa ya ba shi kafin a ce masa komai, a duba wane hannu ne ya fara kai wa tsirkiya. In hagu ce, sanfefa da sabon saitin tsirkiya kawai zai saya.