Dandin Mahe: Mun Ga Shamuwa, Ba Mu Ga Ungulu Ba

Dandin Mahe na kudu da birnin Sakkwato, gaba da Bodinga, a ƙaramar hukumar Shagari. Can ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye ta kai mu a farkon damina, da madubin hangen nesa biyu kacal, muna karɓa-karɓa.

Tun daga bakin gari jagoranmu ya hana surutu. Balbela na bin shanu, shamuwa kuwa har ta yi sheƙa a kan tsamiya. Daga kudancin Afirka take dawowa duk shekara, manomi na ganinta ya fara gyaran garma. Duk wanda muka gani sai mu shigar da shi manhajar BirdLasser, saboda aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta.

Ungulu ce muka nema muka rasa, har a mahauta. Wani dattijo ya ce mana suna yara sai da jifa ake korarta daga wurin. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, don ana kashe ta a sayar wa masu tsibbu. Mun jira har azahar, hankaki kaɗai ke sauka.