Lissafin Kofin Nescafé a Bayan Kalanda

Wanda ya yi hunturun farkon 2024 a Kano ba ya bukatar a ba shi labarin tsada. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, daga baya aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairu dala ta haura naira 1,500. Mu malaman makaranta kuwa a lokacin albashi na nan inda aka bar shi.

Ni ba na iya duba takardun ɗalibai da dare sai da Nescafé. Bayan sallar isha'i nakan aiki yaro kantin bakin layi ya sayo mini 'yar leda guda. Wani dare uwargida ta ciro tsohuwar kalanda, ta kifa ta a kan tabarma, ta karɓe jan biron da ke hannuna.

"Malam, yau sai mun san nawa kofin nan yake ci."

Ta fara da garin Nescafé ɗin. Ƙaramin gwangwani giram 50 ne, cokalin shayi a shafe kuma yana ɗaukar kamar giram 2, wato kofi 25 ke nan. Duk naira dubu da aka biya a kan gwangwanin, kofi ɗaya ya ci naira 40. Na ce ai da sauƙi. Sai ta miƙo mini cokali ta ce in ɗebo yadda na saba. Na ɗebo, ya yi tozo.

"Ka gani? Wannan ya kai giram 3. Da irin ɗibarka, da kyar gwangwani ya ba da kofi 17."

Ta rubuta sukari ƙwaya uku. Ta rubuta gas, tana mitar yadda nake cika buta maƙil saboda kofi ɗaya, sauran ruwan ya huce a banza. Da muka zo kan madara sai biro ya tsaya. Ina son haɗi mai kauri, gwangwanin madarar ruwa ba ya wuce kofi huɗu, kuma idan an fasa shi babu wutar da za ta riƙe firji, dole a shanye ko ya lalace. Da ta haɗa jimla, madara ce kan gaba wajen cin kuɗi, ba garin da muke zargi ba.

Sai ta koma kan 'yar ledar. Ta raba kuɗinta da nauyin da aka rubuta a jiki, ta kwatanta da na gwangwani. Giram ɗaya a leda ya fi tsada.

"Mai ƙaramin ƙarfi shi ke sayen tsada," in ji ta, "don ba shi da na saye a dunƙule."

Ƙarshen wata na shiga Kasuwar Singa na sayo gwangwani da madarar gari. Ko a can farashi bai zauna wuri ɗaya ba. A shekarar ce fari ya taɓa gonakin Vietnam, ƙasar da ta fi kowacce noman nau'in robusta, wanda da shi aka fi yin irin wannan gari, har farashinsa ya yi hawan da aka daɗe ba a gani ba a kasuwar duniya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

A gida muka sauya tsari. Ruwa sau ɗaya ake tafasawa a zuba a filas, cokali a shafe, sukari ƙwaya biyu. Ban daina sha ba, baƙo ma bai daina samu ba, amma kuɗin kofi ya ragu sosai.

Mai karatu, idan albashi yana ƙarewa ba ka san inda ya bi ba, kada ka tsaya kan buhun shinkafa kaɗai. Ɗauki biro ka lissafa ƙananan abubuwan da kake aiken yaro ya sayo kullum.